Tutar Makarantarmu a Gonar Maiwa

Bana damina ta yi albarka, alhamdu lillahi. Gero ya shigo gida, dawa ta sunkuyar da kai, awaki sun yi ƙiba har suna ƙyalli. Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar zaure ina gyaran igiyar guga, sai na jiyo yaran firamare suna koyon taken ƙasa saboda bikin ranar 'yancin kai da ke tafe. Suna cikin yi sai wani tarin tsuntsaye ya gifta ta saman gidana. Ba su da wani yawa, kuma ba jan-baki ba ne, amma sai da na miƙe tsaye da igiyar a hannu kamar wanda aka kira. Mai ɗakina Habi ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya lau. Ta dubi sama, ta dube ni, ta koma ciki, don ta san shekarar da na tuna.

A lokacin ni saurayin malami ne, ban daɗe da aure ba, ina koyarwa a makarantar ƙauyenmu a ƙasar Kunci. Ni ne hedimasta, ni ne malamin aji, ni ne mai buga ƙararrawa, domin abokin aikina an mayar da shi wani gari ba a aiko da madadinsa ba. Makarantar ɗaki biyu ce ta laka da rufin kwano, babu ƙofa babu taga, sai bishiyar darbejiya guda ɗaya da dogon itacen da muke ɗaga tuta a kai. Ina ji da ita fiye da yadda ya kamata, na yarda. Mahaifina ne ya ba da filin kafin ya rasu, kuma ni ne ɗan ƙauyen na farko da ya riƙe alli.

Shekarar da ta gabace ta an yi fari, rumbuna sun yi ƙasa tun kafin bazara. Da bazarar ta zo sai ta ƙi tafiya. Zafi irin wanda kwanon ajin ke ƙara da kansa, ƙasa ta yi fari fat, in ka taka ba takalmi sai ka yi ta ɗage ƙafa. Muka yi binne muna jiran ruwa, ruwa bai zo ba, zabi da ɓeraye suka tone irin. Aka samu yayyafi sau ɗaya muka sake shuka, ta fito kore shar, kwana goma sha ta ƙone a tsaye. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas, baƙi wuluk, mata su fito da tukwane da kwarya, sai iska ta taso ta watsa shi. An fita roƙon ruwa har sau uku, manya da yara, rigunanmu a juye.

A gida tuwo ya koma sau ɗaya a wuni, daga baya ya koma kunu, daga baya kunun ma sai da aka riƙa cika shi da dusa. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ke fita da sassafe ta tsinko tafasa da yaɗiya, Habi ta dafa ta matse, a barbaɗa ɗan ƙuli in an samu. Har yau in na ji warin dafaffiyar tafasa sai yawuna ya tsinke, ba don marmari ba. Magidanta suka fara fita. Wasu suka tafi kasuwar Dawanau dakon buhunan hatsin da ba za su iya saye ba, wasu suka yi kudu. Duk wanda ya kwashe iyalinsa, da ɗalibaina yake tafiya. Bencin da ke ɗaukar yara biyar sai ya zama biyu ke zaune a kai, suna hamma.

Sai can cikin watan Agusta sama ta tuna da mu. Aka yi ruwa mai ƙarfi sau huɗu ko biyar. Gero dai ya riga ya tafi, amma akwai wani kwari a gabas da makaranta inda ƙasa ke riƙe danshi, kuma tsofaffi sun matsa tun farko an shuka maiwa a wurin. Ita ce ta farfaɗo. Kowane gida yana da 'yar shiyyarsa a kwarin, amma da gayya aka yi noma da maimai, don babu gidan da ke da sauran ƙarfin yi shi kaɗai. Mutum zai yi kunya biyu ya zauna yana haki. Maiwar nan ta fid da kai, ta yi bununi, ta fara ɗaukar ido. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya kalle ta, har liman ya hana a riƙa yabonta da ƙarfi.

A daidai wannan lokaci takarda ta zo mini daga ofishin ilimi. Zamanin soja ne, an matsa ƙwarai a kan kishin ƙasa. Takardar ta ce sufeto zai zo ana gobe ranar 'yancin kai, da ƙarfe takwas na safe, ya ga an ɗaga tuta, ya ji taken ƙasa da alkawarin biyayya ga ƙasa, ya tambayi yara ma'anar tuta da tambarin ƙasa. A ƙasan takardar kuma aka ce duk makarantar da aka tarar yaranta sun yi ƙaranci, za a rufe ta a haɗe ta da ta gari mafi kusa. Gari mafi kusa da mu tafiyar fiye da awa biyu ce a ƙafa. Na san babu uban da zai tura 'yarsa can. Na karanta takardar nan har sai da ta yi laushi a aljihuna.

Na duƙufa a kan yaran. Na zana tambarin ƙasa a allo da sauran guntun alli: mikiya a sama, dawakai biyu farare, baƙar garkuwa da kogunan Neja da Binuwai sun haɗu a kanta. Na nuna musu hoton ganuwar Kano da Dutsen Dala a wani tsohon littafi, na ce waɗannan kayan tarihi ne da ake kiyayewa don na baya. Wata yarinya 'yar aji huɗu, Talatu 'yar Malam Idi, wadda ta fi kowa kaifin kai da kaifin baki, ta ɗaga hannu.

"Malam, su waɗannan dawakan me suke ci suka yi ƙiba haka?"

Yara suka tuntsire da dariya. Ban yi dariya ba. Na ce kore a jikin tuta yana nufin noma da albarkar ƙasa, fari yana nufin zaman lafiya, su maimaita. Suka maimaita, idanunsu na kan gonakin da suka bushe a bayan ajin.

Inda na fi tsanantawa shi ne tsayuwa. Na ce musu in an fara taken ƙasa, ko kunama ce ta hau ƙafar mutum kada ya motsa sai an gama an sallame shi. Na sa tsumagiya a kan wannan doka. Ita kanta Talatu na taɓa zane ta saboda ta kori ƙuda daga fuskarta, yarinyar da na san ba ta karya ba. Ban ji daɗi ba, amma tsoro ya riga ya cika mini ciki, kuma mai tsoro ba ya tausayi sosai. Cikin mako guda suka iya tsayuwa kamar an kafa su.

Sai jan-baki suka zo.

Wanda bai taɓa ganinsu ba zai ɗauka hayaƙi ne ya taso daga nesa. Ƙananan tsuntsaye ne, ɗaya bai cika tafin hannu ba, amma in suka sauka a gona da yawansu, kafin ka karanta Fatiha sau bakwai sun mayar da zangarniya tsinke. Da safe suke zuwa, sai kuma da la'asar. Garin ya tashi tsaye. Aka kafa rumfuna masu tsayi a cikin kwarin, aka ja igiyoyi daga wannan gefe zuwa wancan, aka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, aka ɗaura tsummoki don in an ja igiya su yi ta kaɗawa. Tun da maza sun fita nema, matan aure kuma suna cikin gida, aikin ya faɗa kan tsofaffi da yara. Yarana kaf suka koma kwari da majajjawa, suna ihu tun fitowar rana har muryoyinsu suka dushe. Da rana tsaka, lokacin da tsuntsayen ke laɓewa a bishiyoyi, nake samun su awa ɗaya mu yi fareti.

Saura kwana uku sufeto ya zo, na ce bari in wanke tutar. Da yake makaranta ba ƙofa, a gida nake ajiye ta cikin akwatina. Na wanke da kaina, na shanya a kan danga, na tafi masallaci. Da na dawo babu ita. Na duba bayan danga, na duba turken awaki, na zazzage akwatin da na san ba ta ciki. Habi ta ce ita tana ɗaki ba ta gani ba. Tutar gwamnati ce, da hannuna na karɓo ta, kuma a zamanin nan ana jin labarin waɗanda aka sa tsallen kwaɗo a kan abin da bai kai wannan ba.

Da la'asar na gangara kwari in tambayi yara. Tun daga nesa na hango ta. Kore a wannan igiya, fari a waccan, ɗaya koren kuma a kan dogon kara a tsakiyar shiyyarmu, suna ta kaɗawa. A ƙarƙashinsu Inna ce zaune tana jan igiya.

Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, Ɗan boko take ce mini. Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, ƙyallen da na shanya ne wannan?"

"Shi ne. Allah Ya yi maka albarka, ya fi duk tsummokan garin nan aiki. Ka ga farin nan? Ko kusa da shi ba sa zuwa."

"Inna, tutar ƙasa ce fa! Yaga ta kika yi?"

"Wane irin yagawa? Ni mahaukaciya ce? Ga ɗinki nan a jiki, shi na bi na farke a hankali. Ƙyalle ɗaya ya zama uku."

"Ta gwamnati ce, Inna. Ɗaure ni za a iya yi."

Ta daina jan igiyar ta dube ni. "To ita gwamnatin, in ta zo ta ga abin da ake ciki, hana mu za ta yi? Kullum ina ganinka kana rataya shi a itace inda babu abin da yake tsarewa. Na ce yau dai ya yi wa mutane amfani."

Uwa ce, ba dama in ɗaga murya. Na tuɓe rigata ta ciki na ba ta a madadi, na kwance ƙyallayen uku na kai wa Habi. Washegari da hantsi ta zauna a inuwar rumbu ta haɗe su da allura. Farin zare ya ƙare a rabi, ta ƙarasa da baƙi. Kashin tsuntsu kuwa mun wanke har sau uku bai fita duka ba.

Saura babbar matsalar, wato yaran. Na je wurin dagaci, na tarar da shi da dattawa huɗu a zaure, cikinsu har da Malam Idi, wanda ciwon ƙafa ya hana shi fita nema. Shiyyarsa ce ta ƙarshe a kwarin, dab da bishiyoyin da jan-baki ke sauka, don haka shi suke fara taɓawa. Na karanta musu takardar, na fassara.

Dagaci ya ce, "Malam, ƙarfe takwas ai lokacinsu ne. Ba za ka ce masa ya zo da azahar ba?"

"Ranka ya daɗe, ba ni da bakin faɗa masa lokaci. Makarantu da yawa zai zaga."

Wani dattijo ya ce boko ba ya shiga tukunya. Na ce gaskiya ne, amma yunwa za ta wuce, makaranta kuwa in aka rufe ta ba za mu sake ganinta ba. Na rantse musu rabin awa kawai nake nema. Malam Idi ne ya yanke maganar.

"A ba shi. Yarinyar nan tawa ba ta da zance sai na makaranta. Mu tsofaffi ma riƙe igiya na rabin awa, ai ba mutuwa za mu yi ba."

Ranar ta zo. Tun bakwai da rabi yara suka hau daga kwari, na jera su, na sa suka wanke fuska da ƙafa. Su talatin da ɗaya ne, na ƙirga ya fi sau biyar. Takwas ta yi babu sufeto. Takwas da rabi babu shi. Rana ta fara cizo, ina jin cikin yaran da ke sahun gaba yana ƙugi. Ina duban hanya, ina duban gabas. Abin mamaki, ranar tsuntsayen ba su fito da wuri ba, sama wasai. Na ce a raina Allah Ya dube ni.

Wajen tara muka ji babur. Sufeton dattijo ne siriri mai furfura, rigarsa duk ƙura. Ya amsa gaisuwata a gajarce, ya ce a fara. Ni da shi muka tsaya a gindin itacen tuta muna fuskantar yara, kwari yana bayanmu. Talatu ta fito ta ja igiya, tutar ta hau, baƙin zaren nan yana nunawa ɓaro-ɓaro. Na saci kallon sufeto, na ga ya dube ta, ya kau da kai. Na ɗaga hannu, aka fara taken ƙasa.

Ba a yi nisa ba na ga idanun yaran sun bar tuta sun koma bayana. Sai na ji gwangwanaye sun fara kuka a kwari, da ihun tsofaffi, siriri, ba ƙarfi. Na ɗan karkata kai. Gabas ta yi duhu. Ban taɓa ganin yawansu kamar na ranar ba, suna naɗewa suna warwarewa, suna gangarowa kan maiwar.

Babu yaron da ya motsa. Ko ɗaya. Muryoyinsu suka rage, wasu suka daina rerawa bakinsu kawai ke motsi, amma ƙafafunsu na nan a kafe, hannuwa a manne da cinya. Talatu tana kallon shiyyar ubanta, hawaye na gangarowa har haɓarta, ba ta ɗaga hannu ta share ba. Ni suke jira. Kalma ɗaya ce a bakina, na ji ta a kan harshena, amma ga sufeto a kafaɗata, ga takardar nan a aljihuna. Na ce a raina bari a ƙarasa, saura kaɗan. Aka ƙarasa. Maimakon in sallame su, sai na ji bakina ya ce a ɗaga hannu a yi alkawarin biyayya ga ƙasa. Suka ɗaga. Suka yi shi tun daga farko har ƙarshe.

Sufeto ya gyara murya zai yi tambayoyi, sai ya lura da fuskokinsu. Ya waiwaya. Bai kai ƙiftawar ido biyu yana kallo ba, ya juyo kaina a fusace.

"Malam! Abincinsu ake cinyewa kana tsaye? Tun yaushe ka gani?"

Ya juya ga yaran.

"Ku ruga! Ku ruga, 'ya'yana!"

Ko a nan sai da suka dube ni tukuna. Na gyaɗa kai, suka zuba a guje. Dattijon nan ya tattare rigarsa ya bi su, ya cire hularsa yana kaɗawa yana ihu, ni ma na bi baya. Mun fi awa guda kafin mu tashe su. Na tarar da Inna zaune a ƙasa igiya ta yanke mata tafin hannu. Tsakiyar kwarin ta tsira da ɗan abin da ya rage. Gefen bishiyoyi kuwa, shiyyar Malam Idi da ta maƙwabtansa biyu, zangarniya na nan tsaye amma babu ƙwaya, ƙasa duk ɓawo.

Sufeto bai yi wa yaran tambaya ko ɗaya ba. Ya zauna a gindin darbejiya yana haki, ya sha ruwa, ya rubuta abin da zai rubuta. Ya ce shi ma ɗan manomi ne, kuma da na gaya masa tun da ya sauka, da a bakin kwarin za a yi komai. Ya ce yara talatin da ɗaya sun isa, makaranta za ta zauna. Abin da na yi makonni ina roƙon Allah ke nan, amma da na ji shi ko godiyar kirki ban iya yi ba.

Babu wanda ya zage ni a garin. Da ma an zage ni, da na fi samun sauƙi. Da aka yi girbi kowane gida ya ɗebi wani abu ya kai wa gidajen nan uku, ni ma na kai rabin abin da muka samu, Inna ba ta ce don me ba. Bai isa ba. Kowa ya san ba zai kai su ko tsakiyar rani ba.

Bayan girbi da kamar mako uku, ina cikin aji da safe, na hango Malam Idi a bakin hanya yana ɗingishi, jaki ɗauke da tabarmi da tukwane, iyalinsa a baya. Kudu za su, wurin wani ƙaninsa. Ya bar su a hanya ya ƙaraso shi kaɗai. Na fito na durƙusa, na fara cewa ya yafe mini, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Bar wannan, Malam, abin da Allah Ya rubuta ne. Tambaya ɗaya na zo yi. Ran nan ina kwari ban gani ba. An ce yarinyar nan tawa ce ta ja tutar a gaban baƙon."

"Ita ce, Baba."

"Ta yi daidai kuwa? Ba ta ba ka kunya ba?"

"Ta yi daidai. Ko motsi ba ta yi ba."

Ya yi murmushi, ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba kyauta. "To, madalla," in ji shi. Ya juya ya koma wurin jakinsa. Talatu na tsaye a bayan uwarta da ƙullin kaya a ka, tana kallon ajin. Na ɗaga mata hannu. Hannuwanta biyu na riƙe da kayan, ba ta samu na ɗagawa ba. Ba su sake dawowa garin ba.